Ranar da Ban Sauka Daga Jirgi Ba

Shekara ashirin da ɗaya 'yata ta fari ta yi a duniya ban taɓa kiran sunanta ba. Wanda ya tashi a cikin birnin Zariya irin tashin da na yi ba zai ga abin mamaki a nan ba. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan surukata aka raɗa mata, kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. In ina son ta zo sai in ce "ke". In zancenta ya haɗa ni da wani sai in ce "yarinyar nan", in kau da kai. Babanta shi ya samar wa kansa mafita, yana ce mata "Uwata", ta amsa tana dariya. Ni ko wannan ban iya ba.

Ni ma 'yar fari ce, don haka ba labari aka ba ni ba. Innarmu har ta koma ga Mahaliccinta ban ji sunana a bakinta ba. Ba ta taɓa ɗora ni a cinya a gaban mutane ba, in na faɗi na kurje gwiwa sai ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ta gani ba. Amma kafin in gama buɗe baki kakata ta sure ni, goggona ta kawo ruwa, matar ƙanen babana tana yi min wasa. Gida ne mai cike da jama'a, sunana yana tashi daga kowane lungu tun safe. Kuma kowa ya sani, ni ma na sani, tsokar naman da goggo take cusa min a hannu a ɓoye daga tukunyar Inna ta fito. Ban taɓa tambayar kaina ko uwata tana so na ba.

Da babanta ya samu aikin koyarwa a wata jami'a a Washington muka biyo shi, tana 'yar shekara huɗu. Muka kama haya a Silver Spring, hawa na shida, ɗaki biyu da falo, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Na ɗauko kunyata tsaf na haɗa da daddawa da kuka na zuba a akwati, amma kakar da goggon da matar ƙanen uban duk a can na baro su. Rabin al'ada na zo da shi, rabin da yake hanawa. Rabin da yake bayarwa bai samu biza ba. Na daɗe ƙwarai kafin in gane haka.

Aikin jinya nake yi a wani asibiti, in shiga jirgin ƙasa na Metro da sassafe in dawo da yamma ƙafafuna kamar ba nawa ba. A wurin aiki babu sunan da ban kira ba. Tsofaffin da ba su san inda kansu yake ba, in kira sunansu, in riƙe musu hannu, in lallaɓa su su haɗiye magani. Har yabona ake yi, wai ina da taushin hali. In na dawo gida kuma ga ƙanwarta, wadda na haifa a nan bayan shekara takwas, ita sunanta ba ya barin bakina: zo ki ci abinci, sauko daga kan kujera, zo in gyara miki kai. Babbar tana zaune a tebur da littattafanta tana ji.

Kada wani ya ce ba na son ta. Wallahi babu abin da yake tsaya min a rai kamar yarinyar nan. Da sanyin shekarar da ta shiga sakandare na ga tana kallon wata jar riga mai kauri a tagar wani kanti. Ita ba mai roƙo ba ce. Na koma ni kaɗai na sayo, na miƙa wa ƙaramar na ce, "Kai wa yayarki." Yadda Inna ta yi haka na yi. Da yamma na ji ta rungume babanta tana yi masa godiya da Turanci, shi kuma bawan Allah ya dube ni, na girgiza masa kai. Na koma kicin raina fes, a zatona ta san inda rigar ta fito. Ba ta sani ba. Wa zai gaya mata? A gidanmu goggo ce take raɗa wa yaro irin wannan a kunne.

Ranar da ta gama jami'a aka kira sunanta a lasifika, gaba ɗayansa. Iyayen wasu suna ihu suna tsalle, wata mata a gabanmu har takalminta ya fita. Babanta ya miƙe yana tafi, ƙaramar tana yin fito da baki. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon jakata, zuciyata kamar ta fashe don murna. Daga kan dandamalin ta hango ni, kuma abin da ta gani shi ne mace mai kallon jaka.

Bayan sati biyu ina yankan kuɓewa ta zo ta ajiye min takardu biyu a gaba. Ta samu aiki a can yammacin ƙasar, inda sai an yi awa biyar a jirgin sama, za ta tafi ƙarshen lokacin zafi. Kafin nan, in ji ta, tana son mu yi tafiya daga ni sai ita, a jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda ake kwana bakwai a ciki yana yawo a teku, ya tsaya a wani tsibiri yini guda, ya juyo. Da guminta ta sayi tikitin.

Na ce, "Ke, ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba?"

Babanta ya ce, "Haba, ki je mana. Uwata ce fa ta gayyace ki."

Na ce ya ji da abin da ya dame shi. Amma washegari ni na fara sauko da akwati.

Shi ya kai mu tashar jiragen ruwa ta Baltimore a mota. Jirgin ya fi ginin da muke haya girma, fari fat, mutane suna hawa ɗauke da jakunkuna kamar masu ƙaura. Yawancinsu tsofaffin Turawa ne da suka gama aiki suka rasa abin yi da kansu. Aikinsu a cikin jirgin biyu ne, ci da shanya jiki a rana. Su ci su kwanta, su yi jajir, su tashi su sake ci. Ni ina zaune a inuwa da mayafina ina kallon ikon Allah, ina ƙiyasta wanda hawan jini zai fara kayarwa. In na faɗi irin wannan ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Hausa tana jin ta sarai, amsawa ce take yi da Turanci, kamar sauran yaran da suka tashi a nan.

Ɗakinmu ɗan ƙarami ne, gado biyu, 'yar taga zagayayya. Tun da na yaye ta ban sake zama ɗaki ɗaya daga ni sai ita ba. Kwana na farko na rasa inda zan ajiye idona. Na ninke kaya, na warware, na sake ninkewa. A rana ta biyu ta zauna a ƙasa tsakanin gadajen ta miƙo min mataji ta ce in yi mata kitso. Na yi mata shuku, ƙanana, na ɗauki lokaci da gangan. Kanta yana jingine da gwiwata, jirgin yana ɗan lilo. Na ga wani ɗan tabo a bayan kunnenta da ta samu tana rarrafe a Zariya, na shafa wurin da yatsa kamar ina gyara gashi. A raina na ce yau dai ta ji. A lissafina wannan shafawar ta isa ta faɗi komai.

Teburin cin abincinmu na mutum shida ne, ba ka da zaɓin waɗanda za ka zauna da su. Akwai wata tsohuwa mai surutu da mijinta kurma, sai wasu 'yan'uwa mata biyu. A rana ta uku tsohuwar ta dafa hannuna ta ce 'yata kyakkyawa ce, ta manta sunanta, in tuna mata. Na nuna ta da cokali na ce, "Ga ta nan, ta faɗa miki." Suka yi dariya, sun ɗauka raha ce. Ita ma ta yi murmushi ta faɗi sunan, a hankali, har sau biyu saboda kurman. Amma ta ajiye cokalinta, ba ta ƙara cin komai ba. Na lura, sai na ɗora laifin a kan miyar, don ni ma ba ta yi min ba.

Ranar da za mu tsaya a tsibirin, tun da hantsi aka fara hango ƙasa. Gidaje masu launi-launi a kan tudu, ruwa kore shar kana ganin ƙasansa. Mutanen jirgin suka rikice da murna, kowa da hular kaba da kyamara. Ita ma ta sayo mana huluna biyu a kantin jirgin, masu faɗi, iri ɗaya. Muna karyawa aka ɗaure jirgin, injin ya yi shiru, aka yi sanarwa cewa za a iya sauka, a dawo kafin faɗuwar rana.

Ta zuba min shayi, ta tura min sukari, sannan ta ce da Turanci tana da buƙata guda ɗaya. Na ce ina ji. Sai ta juya harshe ta koma Hausa, irin Hausarta mai tuntuɓe, wadda rabon da in ji ta tun tana firamare.

"Mama, yau ki kira ni."

Na ce, "Ai kullum ina kiran ki."

"Ba ke ba. Sunana." Ta nuna tsibirin ta taga. "A can babu Baba. Babu Kaka. Babu wanda ya san mu. Mu sauka, mu yi tafiya, ki kira ni sau ɗaya. Shi ke nan."

Ashe dalilin tikitin ke nan. Ashe ba teku ta kawo ni gani ba, nema min wuri ta yi, can inda babu idon Bahaushe ko ɗaya, don ta ɗauka idon mutane nake jin kunya. Ta zauna ta yi tunani, ta tara, ta shirya, duk don kalma guda.

Abin da ya fara zo min fushi ne, ba zan ɓoye ba. Ina da saurin fushi, musamman in an taɓa ni a inda ba ni da amsa. Na ce, "Ke wace irin yarinya ce? Sunan kakarki ne fa. Uwar ubanki. So kike in buɗe baki in kira ta gatsau kamar wata sa'ata?"

Ta koma Turanci ta ce kakarta ta rasu shekara goma ke nan, kuma sunan yanzu nata ne, da shi take amsawa a makaranta, da shi aka ɗauke ta aiki. Ta ce babanta ya yi mata bayanin al'adar tun tana ƙarama, ta sani, ba ta ce al'adar banza ba ce. Ta ce amma sanin abu daban, jin shi daban. Ƙanwarta tana jin nata sau hamsin a rana. Ita sau ɗaya take nema kafin ta tafi.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da na san yadda zan yi da ita. Na dubi shayin, na dubi taga. Sai na dafe goshi na ce, "Jiri nake ji. Ruwan nan ya juya min kai. Ki je ke kaɗai, zan kwanta."

Ta dube ni ta ce, "Jirgin a tsaye yake, Mama."

Na ce, "Ni ce ma'aikaciyar jinya ko ke?"

Muka koma ɗaki. Na kwanta na juya fuska ga bango, ni da ko ciwon kai ba na yi. Ina jin ta tana shiri a hankali, tana jan lokaci. Ta sa doguwar rigarta ruwan ɗorawa, ta sa takalmi, ta cire, ta sake sawa. Ta tsaya a bakin ƙofa jim. Sannan na ji ta ajiye wani abu a ƙafar gadona, ƙofa ta rufe. Da na juyo, hular ce.

Ban fi minti biyar a kwance ba na ji ɗakin ya yi min ƙunci. Na tashi zaune na ce da kaina, ke wace irin uwa ce? Yarinya ta kawo ki har tsakiyar teku, ki bar ta ta taka baƙuwar ƙasa ita kaɗai? Na yafa mayafi, na ɗauki hular, na hau sama da sauri, ƙafa tana harɗewa a matakala. Niyyata in hango inda ta nufa, in tsayar da ita, in sauka in same ta. Batun sunan kuwa ban yanke komai ba, na ce in mun haɗu Allah zai kawo yadda za a yi.

Daga saman jirgin ana ganin komai. Wata doguwar gada ce ta kankare daga jikin jirgin zuwa bakin gari, mutane sun cika ta, masu motocin haya suna kira, wasu suna kiɗa. Ban sha wahalar gano ta ba, ga ruwan ɗorawa, ga hula. Ita ce kusan ta ƙarshe, tana tafiya kamar mai taka ƙaya. Ba ta yi nisa ba. Da murya sosai za ta ji.

Na kama ƙarfen da ke gabana na cika ƙirji da iska. Sunan ya taso, wallahi ya taso, na ji shi a kan harshena, harafin farko har ya haɗa min leɓe. A nan ne fuskar surukata ta faɗo min, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, da fuskar Inna tana tankaɗe. Babu Bahaushe ko ɗaya a tsibirin nan, gaskiyar yarinyar ce, amma ni na taho da nawa a cikin kai. Abin da ya fito, da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni, shi ne:

"Ke!"

Wani mai ɗaukar kaya ya ɗago kai. Wasu tsofaffi biyu suka waiwayo suna kare ido da hannu. Ita kuma ta tsaya cak. Ba ta juyo ba. Tana tsaye a tsakiyar gadar, bayanta gare ni, mutane suna ratsa ta hagu da dama. Na san jira take. Na buɗe baki na rufe, na sake buɗewa. Ta tsaya kamar tsawon karanta Fatiha sau biyu, sannan ta gyara zaman jakarta a kafaɗa ta ci gaba da tafiya. Na bi hular da ido har ta shige cikin sauran huluna.

Akwai abin da na daɗe ina ɓoye wa kaina, bari in faɗe shi a nan. Ƙofar sauka a buɗe take har yamma. Babu wanda ya hana ni. Garin ɗan mitsitsi ne, titi ɗaya ne a bakin ruwa, da na sauka da cikin rabin awa na gan ta. Sau uku ina zuwa bakin matakalar, ma'aikacin da ke wurin har ya miƙo hannu zai taimaka min, in ce masa iska nake sha. Na san in na taka ƙasar nan na amsa buƙatarta ke nan, kuma na riga na gwada na ga iyakata. Tsoro ne ya zaunar da ni, ba jiri ba, ba kuma surukata ba, baiwar Allah tana kabarinta ba ruwanta.

Ban taɓa ganin wuri mai kaɗaici irin jirgin da mutanensa suka sauka ba. Kujerun shan rana jere babu kowa. Ma'aikata suna wanke daɓe, wani yana fenti, wata tana canza zannuwan gado tana 'yar waƙarta. A babban ɗakin cin abinci ni kaɗai ce sai wani tsoho a keken guragu, shi aƙalla yana da hujja. Aka kawo min abinci kala-kala na kasa haɗiye ko loma. Na yi azahar, na yi la'asar, ban ma tabbatar da alƙibla ba. A sujada na yi niyyar yi mata addu'a, sai na lura ko a gaban Ubangijina "yarinyar nan" nake cewa. A nan na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna.

Ta dawo ana gab da janye matakala, ƙafarta duk yashi. Na riga na koma ɗaki na kwanta, wai mai jiri. Ta ajiye min wani ɗan ƙunshi a gefen gado, sabulu ne mai ƙamshi da 'yar kwalbar turare. Na ce an gode, Allah Ya yi albarka, ya garin? Ta ce garin yana da kyau. Ta zauna tana kakkaɓe takalmi, ba ta dube ni ba, ta ce da Turanci:

"Na ji ki ɗazu."

Na ce, "Kin ji me?"

"Na ji kin ce ke. Na tsaya. Na ƙirga har talatin."

Na ce iska ce ta yi yawa a sama. Ta ce haka ne, akwai iska. Ta shiga wanka.

Sauran kwana ukun lafiya lau muka yi su, in ana kiran wannan lafiya. Ta zuba min shayi, ta riƙe min hannu a matakala, ta yi hira da tsohuwa mai surutu. Ban ga fushi a fuskarta ba ko kaɗan, har na fara cewa abin ya wuce. Sai da muka dawo Silver Spring da kwana biyu na gane abin da ya canza. Tana tsaye a ƙofar kicin tana son tambayata inda babban akwati yake. Da can sai ta ce "Mama" tun daga falo. Ranar sai ta tsaya shiru har na ɗago kai, sannan ta yi tambayarta. Na koma baya a raina ina lalube, na tarar tun daga kan gadar nan ba ta sake ce min Mama ba.

Ba ramuwa take yi ba, na san halinta. Da ramuwa ce da na ji sauƙi, don mai ramuwa bai cire rai ba. Ita dai ta koyi abin da na shekara ashirin da ɗaya ina koya mata, cewa ana iya zama da mutum a yi masa komai ba tare da an kira shi ba.

Ta tafi ƙarshen zafin kamar yadda ta ce. Duk Lahadi takan bugo waya. Ta daɗe da babanta, ta daɗe da ƙanwarta, sannan a miƙo min. "Ina wuni. Ya aiki. Ya ƙafar." In amsa, in ce ta riƙa cin abinci, ta ce to. Babanta ya lura, ya ce zai yi mata faɗa. Na ce in ya kuskura ni da shi ne. Wata abokiyar aikina 'yar Kafanchan, wadda ita kaɗai na gaya wa, ta ce, "Ke ma dai da taurin kai. Suna ne fa, ba dutse ba. Ki buɗe baki ki faɗa." Na ce mata ita ba za ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, ni ce ban gane ba.

Sai na fara koyo, ni da furfura ta fara fito min. A ɗakin ajiye zannuwa na asibiti in rufe ƙofa in faɗe shi a hankali. A cikin Metro, in jirgin ya shiga rami ƙara ta yi yawa, in faɗe shi a cikin mayafi. Da farko ji nake kamar na yi saɓo, har in waiwaya. A hankali ya fara zama a bakina. Suna ne mai daɗi, ashe. Shekara biyu na yi ina wannan.

Wata Talata ina hutu, babu kowa a gida, bayan azahar na ɗauki waya. Na san tana wurin aiki, shi ya sa na zaɓi lokacin, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Tana da na'urar nan mai ɗaukar saƙo in ba ka gida. Na ji muryarta tana cewa a bar saƙo, na ji ƙarar. Na rufe ido na kira sunanta, cikakke, a fili. Na ce, "Ni ce." Sai na ajiye wayar. Na zauna a kujera raina wasai, kamar na sauke tulu daga ka. Har na tashi na ɗora tukunya.

Wajen la'asar waya ta yi ƙara. Ashe takan leƙa gida da rana ta ci abinci, a can wurinsu kuwa lokacin rana ta take tsaka. Ko sallama ba ta yi ba, numfashinta sama-sama.

"Wa ya mutu?"

Na ce, "Subhanallahi, babu kowa."

"Baba ne? Ki gaya min gaskiya. Ina ƙanwata?"

Na ce duk suna lafiya, babanta yana makaranta, ƙaramar ma haka.

"To ke ce? Me likita ya ce?"

Na ce lafiyata ƙalau.

"To me ya faru?"

Na ce, "Babu komai. Na kira ki ne kawai."

Ina jin numfashinta yana sauka a hankali, daga can nesa. Na matse wayar a kunne ina jira, yadda ta jira ni a kan gadar nan. Ban ƙirga ba, amma na san ya kai talatin.

Da ta yi magana muryarta a gajiye take, babu faɗa a ciki. Ta ce da ta ji saƙon a ƙasa ta zauna, don ta tabbata sai babban abu zai sa in yi haka. Ta ce, "Don Allah kada ki sake yi min irin wannan. Kin tsorata ni."

Na ce, "To."

Ta ce za ta koma aiki, ta makara, sai Lahadi. Na ce Allah Ya kai mu. Na ajiye wayar na je na sauke tukunyar, ta riga ta kama.

Hular tana nan a saman kabad, ban taɓa sa ta ba. Lahadi ta bugo kamar kullum, ta ce ina wuni, ya aiki, ya ƙafar. Ta ce kada in sake, ban kuwa sake ba.